Shekarar da Na Karɓe Makullin Malam

Rabi, rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini baki. Akwai abin da na yi wa mahaifinku wanda ba na so ku ji shi daga bakin wani, kuma ba na so in tafi da shi. Kun san ni, ba na neman a lallashe ni. So nake kawai ku san yadda abin ya faru tun daga tushensa, ku da 'ya'yanku.

Mahaifinku fita ne, mai gyaran injinan saƙa, a wata masaƙa da ke Sharaɗa. Tun kafin a ɗaura mana aure yake can, har furfura ta fito masa yana can. Wanda bai taɓa ganinsa yana aiki ba, da wuya ya gane abin da zan faɗa. Mutum ne mai sanyin hannu. Ko murfin kwalba zai buɗe, sai ya fara jin ta inda yake so ya bi. Ban taɓa jin ya bugo ƙofa ba, ban taɓa ganin ya fizgi aljihun tebur ba. Ya taɓa ce mini a masaƙa in ka matse noti fiye da yadda yake buƙata, injin zai wuni yana tsinka zare, kuma kai ɗin dai za a sake kira. Da aka rufe masaƙar ya dawo gida ya zauna, ni kuma na ɗora tukunya. Lokacin mun riga mun koma Zawaciki, ga Challawa nan kusa. Na samu wuri a gindin wata darbejiya, daura da get ɗin wani kamfanin jima inda ake gyaran fatu. Shinkafa da wake, mai da yaji, taliya, ranar Juma'a dambu. Da an busa jiniyar rana sai su fito, hannuwansu duk sun rine da maganin jima, 'yan Jigawa, 'yan Damagaram, 'yan ƙauyukan nan na kusa, kowa da kwanonsa. Warin wurin, wanda bai saba ba ba ya iya haɗiye loma, amma mu mun saba. Shekaru ina jigilar kuloli a a-daidaita-sahu, har Abba, yayanku, ya samu aiki a kamfanin roba a Sharaɗa, ya haɗa kai da ƙannensa suka sayo mana mota. Tsohuwa ce, ta sha hannu, amma jikinta da kyau. Irin mai canza giya da kanta ce, ba ta da kuloci.

Malam, mahaifinku, ya iya tuƙi tun yana saurayi, da a-kori-kurar masaƙa ya koya. Ranar da aka kawo motar, wanda ya sayar ya ja masa kunne da abu ɗaya: kada a tayar da ita sai sandar giya tana can gaba, wurin da suke cewa fakin. Malam ya riƙe wannan magana kamar karatun allo. Daga ranar ya zama direbana, kuma na ga mutumin da na aura ya dawo. Da sassafe ya wanke ta, ya duba baƙin mai, ya duba ruwa, ya zagaya tayoyi yana danna su da ɗan yatsa. Ni a baya nake zama, tsakanin kuloli, hannuna a kan murfin na miya, don ba tarbiyyarmu ba ce mace ta harɗe a gaba kusa da miji ana kallo. Ba ma yawan magana a hanya. In mun isa ya taya ni saukewa, in kafa teburina daidai hancin motar, shi kuma ya shimfiɗa tabarma a inuwarta. Leburori su kewaye shi da agogo da tocila da rediyon da suka lalace, yana gyara musu, suna ba shi labarin gida. Kusan shekara uku muna haka.

Daminar shekarar da nake ba ku labari ta yi ruwa sosai. Hanyar Challawa ta koma kududdufai, kuma ba ruwan sama kaɗai ba, har da baƙin ruwan nan da ke fitowa daga magudanan kamfanoni. Kullum ta ciki muke bi, tafiya da dawowa. Wata Talata na gama sayarwa, mun loda kuloli, Malam ya yi bismilla ya murɗa makulli. Fitilun allo suka kama, rediyo ya yi magana, amma inji ko tari bai yi ba. Ya sake, shiru. Ya fita ya buɗe bonet, ya taɓa kawunan batir, ya dawo ya sake. Shiru. Akwai wani ƙaton Badamagare cikin masu cin abincina, Mamman, mai yawan barkwanci, shi ya fara miƙewa yana karkaɗe wando.

"Malam, ku sa ta a firi mu tura."

"Irin wannan ba ta tashi da turi, Mamman."

"Haba Malam! Mu da muka tura tirela da kayanta? Kai jama'a, ku taso, motar Inna ce. Wanda bai tura ba gobe babu ƙari!"

Malam ya san ba za ta yi ba, amma ya ji nauyin mutane. Ya ja sandar zuwa firi, inda mota ba ta cikin kowace giya, suka ɗauke mu da gudu suna ihu, ya jefa ta a giyar tafiya kamar yadda ake yi wa a-kori-kura. Ina daga baya ina kallon ƙafarsa ta hagu tana laluben kulocin da babu. Suka kai mu har get ɗin kamfanin gaba, suka juyo da mu, suka sake. Babu abin da ya faru sai gumi. A ƙarshe aka kira Abba a waya, ya zo a babur da rigar aiki. Malam ya mayar da sandar gaba ya fito, Abba ya faɗa kujera, ya murɗa. Tashi ɗaya ta tashi.

"To fa!" in ji Mamman. "Malam, ashe motar nan ta san wanda ya saye ta."

Kowa ya yi dariya, har da Malam. Amma ni na ga bayan wuyansa, na san ba dariya yake yi ba.

Daga nan abin ya zama kamar da gayya. Sai ta yi kwana biyu lafiya, rana ta uku ta ƙi. Ta ƙi a ƙofar gida, ta ƙi a wurin ta'aziyya, ta ƙi a bakin masallacin Juma'a mutane suna wucewa suna yi masa sannu. Kuma duk sanda Abba ya zo ya zauna, sai ta tashi. Abba ya kai ta wurin wani mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota, a Sharaɗa, aka canza batir. Ta sake ƙi. Ya mayar, aka kwance kik, wato abin da ke juya inji ya tashi, aka wanke aka mayar. A gaban mai wayarin Abba ya tayar da ita ya kashe ya fi a ƙirga, ba ta yi gardama ko sau ɗaya ba. Mutumin ya ce motar nan lafiyarta ƙalau, sai dai a duba mai tuƙin.

Wannan maganar ce ta shigo mana gida. Ke Rabi, ba laifi nake ɗora miki ba, amma ke kika fara cewa sau biyu Baba ya kira ki da sunan 'yar'uwarki Hadiza. Hadiza kuma, da yake tana aiki a kantin magani, ta ce akwai ciwon mantuwa da ke kama tsofaffi, kuma haka yake farawa, mutum ya manta abin da hannunsa ya sani. Wataƙila ba ya kai makullin ƙarshe. Wataƙila akwai abin da ya kamata ya taka ya daina takawa. To yau tayarwa ya manta, in gobe birki ya manta a kan titin da manyan motoci ke bi fa? Wata Lahadi bayan azahar, Malam bai dawo daga masallaci ba, kuka taru a ɗakina. Kowa ya yarda a karɓi makullin, babu mai iya karɓa.

"Inna," in ji Abba, "wallahi ni ba zan iya kallon idon Baba in faɗa masa wannan ba."

"Ba wanda ya ce ka faɗa. Ni zan yi."

Zan gaya muku dalilina ba tare da na yi masa ado ba. Tsoro yana ciki, gaskiya ne, ina tsoron a kawo mini shi a kwance. Amma ba shi kaɗai ba ne. A gidan nan duk abin da ya yi ɗaci ni nake yi, har na saba, har na fara jin daɗin a ce Inna ce kaɗai za ta iya. Sannan dariyar nan ta bakin get ta tsaya mini a wuya. Wurin sana'ata ne, ba na so a mayar da mijina abin wasa a gaban teburina, kuma hanyar da ta fi mini sauƙi ita ce in ɗauke shi daga wurin. Ban zauna na tambayi kaina ko mutumin da ya ƙare rayuwarsa cikin inji zai manta murɗa makulli, alhali bai manta komai nasa ba.

Na same shi a rumfar ƙofar gida bayan la'asar, yana goge fitilar motar da tsumma.

"Malam, ba ni makullin motar nan."

"Wani abu za ki ɗauko a but?"

"A'a. Daga gobe Abba ne zai riƙa kai ni."

Ya daina gugar. Ya ninke tsumman gida huɗu, ya ajiye a kan bonet.

"Shawarar wa?"

"Tawa."

"Hajara, motar nan ce ba ta da lafiya. Ban kai ga wurin ba tukuna, ba irin injin da na sani ba ne. Amma ina ji a hannuna akwai abin da ba ya kaiwa inda ya kamata."

"Sau biyu ana kai ta wurin masu gyara, Malam. Lafiyarta ƙalau a hannun kowa."

A hannun kowa. Ni na faɗi haka, da bakin nan. Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin, ya ɗora mini a tafin hannu a hankali, kamar yana ajiye ƙwai. Ya shige ciki.

Abin da ya biyo baya ban shirya masa ba. Na zaci fushi zai yi, kuma fushi na iya da shi. Bai yi ba. Yarda ya yi da mu. Ya koma zaman tabarma a zaure. Maƙwabciyarmu ta aiko da keken ɗinkinta ya duba mata, abin da a da kafin shayi ya huce ya gama, ya ce a mayar mata, hannun ya tafi. Ya fara sa hularsa a wuri ɗaya yana komawa yana dubawa ko tana nan. Wata rana na dawo daga Challawa ina sauke kaya, ya ɗago kai ya dube ni kamar yaro.

"Hajara, na yi la'asar kuwa?"

"Ka yi mana, ba ga goshinka da ƙasa ba?"

"To. Na ce in tambaya ne, tunda ban san iya abin da ke zubewa ba."

Na shiga madafa na tsaya a gaban murhu, na daɗe ban taɓa komai ba.

Abba ya nemi a mayar da shi aikin yamma don ya riƙa kai ni yana ɗauko ni. Shi kuma ya rantse uwarsa ba za ta zauna a baya kamar kaya ba, dole na koma gaba. A nan ne na fara ganin abin da shekara uku ban gani ba. Ni ban yi makaranta ba, ban san sunan baƙaƙen da ke jikin allon motar ba, amma idona ba ya wuce abu. Wadda ta yi shekaru tana zuba wa mutum hamsin abinci, tana gane wanda ya dawo layi sau biyu da kwanon wani, ba a koya mata kallo. Na lura akwai wasu baƙaƙe a jere a ƙasan allon, kuma duk inda sandar giya ta tsaya, wata 'yar fitila tana kamawa a kan baƙi ɗaya. Na farkonsu mai kama da ludayi a tsaye shi ne na fakin. Sannan na lura da hannun Abba. Kun san yayanku, komai nasa da ƙarfi, ko gaisuwa ya yi da kai sai ka ji a kafaɗa. In zai tsaya, wurga sandar yake yi gaba har ta yi ƙara. In ya shigo zai tayar kuwa, kafin ya taɓa makulli sai ya kai wa kan sandar duka da tafin hannu, ɗan bugu ɗaya, kamar mai gaisawa da aboki. Bai san yana yi ba. Sai na tuna hannun Malam yadda nake hango shi daga baya: yatsa biyu, ya tura a hankali, da ya ji ta shiga ya saki.

Na yi kwana uku ina kallo ban ce komai ba, don ba na son in faɗi abin da ban tabbatar ba. Rana ta huɗu, da muka iso gindin darbejiya, na riƙe masa hannu kafin ya wurga.

"Tsaya. Kai ta gaba a hankali, da yatsa biyu, yadda ubanka yake yi."

"Inna, lafiya?"

"Yi abin da na ce. Yauwa. Kashe. Yanzu zauna a kan hannunka na dama, ka murɗa da na hagu."

Ya yi dariya, amma ya yi. Allo ya kama. Na duba kan ludayin, babu fitila. Ya murɗa har ƙarshe. Shiru. Ya sake, shiru. Dariyar ta ɗauke.

"Yanzu doke ta yadda ka saba."

"Ni ina dukanta?"

"Kullum. Doke ta."

Ya kai mata tafin hannu. 'Yar fitilar ta kama a kan ludayin. Ya murɗa, ta tashi. Sau uku na sa shi ya maimaita, a hankali ta ƙi, da bugu ta tashi. A na ukun ya kifa goshinsa a kan sitiyari, ya ce innalillahi, ya ƙara cewa innalillahi. Na ce ya ɗago, mutane na jiran abinci, kuka ba yanzu ba.

Da na tashi daga sayarwa muka wuce Sharaɗa wurin mai wayarin nan. Abba ya nuna masa. Mutumin ya dafe kai ya ce ai suwic ɗin giya ne, me ya sa ba a gaya masa tun farko ba. Na ce ai shi aka kawo wa ya gaya mana. Ya ce ba komai, yanzu zai gama, wayoyi biyu ne zai yanke ya haɗe su, daga yau ko jariri ya murɗa za ta tashi.

"Tsaya tukuna," na ce. "Shi abin da za ka tsallake ɗin, don me masu motar suka sa shi?"

"Hajiya, don kada ta tashi tana cikin giya ne kawai. Kowa haka muke yi masa."

"In ka haɗe, aka manta ta a giya aka murɗa fa?"

"Sai ta ɗan zabura."

"Ta zabura ina?"

"Gaba mana, ko baya."

Teburina a hancin motar yake. Mutane a tsugune suke cin abinci a wurin, bayansu a jikin ƙarfenta. Na ce wa Abba rufe bonet mu tafi. Mutumin yana ta cewa Hajiya ba ki gane ba ne, na ce na gane sarai.

Wani direban kamfanin su Abba ne ya yi mana kwatancen Malam Iro a Bompai, tsohon bakanike da ya daɗe yana gyaran irin waɗannan motocin na manyan ma'aikata. Washegari ban dafa abinci ba, karo na farko cikin shekaru ba don rasuwa ko ciwo ba. Na ce wa mahaifinku asibiti za ni a duba mini ido. Garejin yana wani lungu bayan kamfanonin, ƙarƙashin rumfar kwano. Malam Iro gajere ne, siriri, da tabarau ɗaure da zare. Bai ɗauki ko sifana ɗaya ba sai da ya saurari labarin duka, kuma da ya ga Abba yana tsallake wasu wurare sai ya juyo gare ni.

"Hajiya, ke kika gani, ke za ki faɗa."

Na faɗa. Ya shiga ya kai sandar gaba a hankali, ya murɗa, shiru. Sai ya taka birki ya jawo ta zuwa firi, ya murɗa. Ta tashi. Abba ya buɗe baki.

"A firi ma tana tashi?"

"Wuri biyu aka yarda ta tashi, fakin da firi. Ranar da kuka ce an tura ta, ai a firi take. Da a wurin aka murɗa makulli da ba wanda ya yi gumi."

"An ce masa kada ya tayar sai a fakin," na ce.

"To ya bi abin da aka gaya masa. Ba laifinsa ba ne."

Ya sa Abba ya tsaya a baya, ya sa ta a ribas, ya tambaye shi ko farar fitila ta kama. Abba ya ce tana kamawa tana ɗaukewa. Malam Iro ya gyaɗa kai ya ce fitilar da tashin motar duk gida ɗaya suke kwana. Ya buɗe bonet, ya cire batir da akwatin iska, ya kira ni in leƙa. Can ƙasa a kan giyabos akwai wani abu mai faɗi kamar rabin faifai, da wayoyi a jikinsa, da wani ɗan hannun ƙarfe a tsakiya. Ya ce wata doguwar waya ce ke tahowa daga sandar giya ta ja wannan hannun, shi kuma faifan shi ke gaya wa mota inda giya take. In bai ce mata tana fakin ko firi ba, ba za ta bar wuta ta je wa kik ba, ko batir sabo ne fil. Ya nuna mini bakin wayar, inda ta kama hannun ƙarfen. Akwai wata 'yar roba da ya kamata ta cike wurin, ta cinye saura kaɗan, wayar tana lilo. Don haka sandar tana isa fakin a cikin mota, amma a nan ƙasa hannun bai ƙarasa ba, saura kamar faɗin ƙwayar shinkafa. Bugun Abba ne ke ƙarasa shi. Sannan ya kwance faifan ya buɗe cikinsa a kan benci. Jan ƙarfen ciki ya yi kore shar kamar tsohuwar butar tagulla, giris ya bushe ya zama ƙasa, ga alamar baƙin ruwa.

"Ina motar nan take bi?"

"Challawa."

"Shi ke nan. Ruwan can ko takalmi ci yake yi."

Ya wanke da fetur, ya goge jan ƙarfen da sanfefa mai laushi har ya yi haske, ya shafa sabon giris kaɗan, ya rufe. Ya sa sabuwar roba a bakin wayar. Da zai mayar da faifan bai ɗaure shi nan take ba. Ya sa giya a firi, ya riƙa juya shi kaɗan-kaɗan har wani layi da ke jikinsa ya yi daidai da layin hannun ƙarfen, sannan ya matse notinan biyu, kuma na lura bai matse su da ƙarfi ba. Ya gwada a fakin, ta tashi. A firi, ta tashi. Ya danne birki ya gwada a ribas da giyar tafiya, ta ƙi, ya ce haka ake so. Yana wanke hannu ya dubi Abba ta saman tabarau.

"Wanda take ƙi wa ɗin nan, wane ne?"

"Mahaifina ne. Fita ne a da, a masaƙa."

"Ai na sani sai mai sana'a. Ciwon yana nan tun tuni, hannunsa ne kaɗai bai ɓoye shi ba. Kai kuwa da ka ci gaba da dukanta, watan gobe robar za ta fita gaba ɗaya a tsakiyar titi. Ka gaishe shi."

Da safe, bayan an loda kuloli, na sa aka kira Hadiza, ke ma Rabi kina nan. Malam yana zaure a kan tabarma. Abba ya cire takalmi ya durƙusa a gabansa, ya miƙa makullin da hannu biyu, ya fara bayani. Sai na karɓa na faɗa, tun daga 'yar fitilar har zuwa Bompai, ban rage komai ba, har ƙaryar asibitin ido. Malam yana saurare, kansa a ƙasa. Da na gama, tambayar da ya yi ta ba ni mamaki.

"Robar, a bakin wayar take ko a gindin sandar?"

"A bakin wayar, Baba, can wurin giyabos."

"Lilon ya kai nawa?"

Abba ya nuna da farce. Malam ya gyaɗa kai a hankali.

"Shi nake ji. Na ce akwai abin da ba ya kaiwa."

Ya karɓi makullin ya miƙe, muka bi shi waje. Ya shiga ya gyara kujera, don Abba ya ja ta baya. Ya taka birki, ya jawo sandar, ya mayar da ita gaba da yatsa biyu, ya saki. Ya yi bismilla ya murɗa. Ta tashi. Ya saurari injin na ɗan lokaci, ya kashe, ya sake. Ta tashi. Ya sake na uku. Hadiza tana kuka a bayana. Ni na riga na kama ƙofar baya zan shiga wurina tsakanin kuloli, sai na ji ya kashe motar. Ya fito, ya rufe ƙofar yadda ya saba, ba ƙara. Ya kamo hannun Abba ya sa masa makullin.

"Ungo. Wancan karɓa aka yi. Wannan ni na ba ka. Ka daina dukanta."

"Baba, don Allah ku yi haƙuri, ku ci gaba da..."

"Na yafe maka, na yafe wa ƙannenka. Tsoro kuka ji, kuma shekara nawa kuka san ni?"

Na saki ƙofar na zagayo gabansa. Ban taɓa ba shi haƙuri a gaban yara ba, ranar na yi.

"Malam, ba su ba ne. Ni ce."

Ya dube ni. Ba fushi a fuskarsa, da ma akwai da ya fi mini sauƙi.

"Su yara ne, Hajara. Ke kuwa..."

Bai ƙarasa ba. Ya dubi kulolin da ke bayan motar, ya dubi rana.

"Ku tafi, abincin mutane zai huce."

Da yammar ranar ya aika a karɓo keken ɗinkin maƙwabciya, kafin magariba ya gyara shi. Bai sake tambayar kowa ko ya yi salla ba, hankalinsa garau har ranar da Allah ya karɓi abinsa, shekara shida bayan nan. Amma bai sake zama a kujerar direba ba, kuma bai sake taka Challawa ba. Leburori sun yi ta tambayarsa, Mamman har gida ya zo da rediyonsa, Malam ya gyara masa a zaure suka yi ta dariya. Ni kuma shekara shidan nan kullum ina jira ya ƙarasa maganar da ya fara a ƙofar gida, ko da zagi ne. Ya ci abincina, ya yi mini addu'a, ya yi jinyata da na kwanta. Bai ƙarasa ba.